Alƙaluman tawada uku daga akwatin Baba: a jiƙa su ko a bar su?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan alƙaluman da. Ana fitar da kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai aka ci karo da alƙaluman tawada guda uku a ƙasan akwatin ƙarfensa. Ƙannena suka ce tunda ni ne mai aikin ofis in riƙe. Ga hotuna nan na turo. Na farko shuɗi ne mai duhu, murfinsa na ƙarfe, maƙalin aljihun siffar kibiya, bakin kuma a ɓoye yake sai ɗan tsini ake gani. Na biyu baƙi ne amma ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, da wani siririn ƙarfe kwance a gefensa, na ɗan ja shi ya ƙi ɗagowa. Na uku kore ne, kusan kamarsu ɗaya da na farkon. Babu wanda ke rubutu a cikinsu. Ta ina zan fara?

Hajiya Uwani: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Baban Ilham: Amin ya Allah, Hajiya. Na gode.

Sadiƙu: Allah ya jiƙan Baba. Yaya, abin ai mai sauƙi ne. Tafasa ruwa ka zuba Omo, ka jefa su duka su kwana. Wanda ya ƙi sakin tawadar ka bi shi da sifirit.

Malam Sabo Mai Agogo: Innalillahi. Baban Ilham, don Allah kada ka bi wannan. Sadiƙu ɗana, ba faɗa nake maka ba, amma da ya yi yadda ka ce, gobe da safe ɗaya daga cikin ukun nan ya tashi aiki, shi ne kuma wanda ya fi sauran shekaru. Ba a sa tsohon alƙalami a ruwa sai an san da me aka yi jikinsa. Kuma wannan ƙarfen na gefe da ka ja, ka bar shi haka nan. Liba ce. Idan ta ƙi ɗagowa, salkar roba da ke ciki ce ta bushe ta ƙandare, in ka matsa mata ƙarfi libar za ta karye ko jikin ya tsage. Ka samu haske mai kyau, ka karanto mana duk rubutun da ke jikin kowanne, har da gindin murfi.

Baban Ilham: To Malam. Shuɗin, a gindin murfi an rubuta PARKER. A jikin gangar kuma da ƙyar na gano Parker "51" Made in England. Da na kwance gangar akwai bututun ƙarfe mai wata taga, da sanda mai zane-zane da ake latsawa, an rubuta a latsa sau 4. Baƙin, rubutun ya goge sosai, amma akwai hoton tsuntsu mai dogon wuya da kalmar SWAN, sai Mabie Todd a ƙasa. Koren rubutun Sinanci ne da lamba 616.

Sadiƙu: Ni fa wannan "Parker" ɗin ban yarda da shi ba. Ku dubi hoton, shi da koren ai uwa ɗaya uba ɗaya. Duk jabun Sin ne.

Malama Binta: Sadiƙu, ka juya maganar ne. Koren ne ya kwaikwayi shuɗin. Parker 51 ya fito kasuwa a 1941, sunan kuma daga shekarun kamfanin ne: George Parker ya kafa shi a garin Janesville na Amurka a 1888, aka gama tsara alƙalamin a 1939, shekara ta 51. Koren Hero 616 ne, na wata masana'anta da ke Shanghai, wadda ta ɗauki fasalin 51 ta yi mai araha da bakin ƙarfe. Ba jabu ba ne tunda sunansa ya sa a jikinsa, bai ce shi Parker ba ne.

Abin da ya faɗa game da bututun nan ma shaida ce. Cikakken 51 yana da rigar ƙarfe da ta rufe salkar gaba ɗaya sai tagar latsawa. A Hero 616 da Parker 21 za ka ga ƙarfen a lanƙwashe kawai ya kewaye salkar, rabinta a waje. Baban Ilham, kwance koren ka gwada su gefe da gefe.

Baban Ilham: Haka yake, Malama. Na koren a buɗe yake, kuma ya fi sauƙin nauyi.

Sadiƙu: To na ji. Amma ai Parker na Amurka ne, me ya kawo Ingila?

Malam Sabo Mai Agogo: Suna da masana'anta a Newhaven, bakin teku a kudancin Ingila, suna da ita a Kanada ma. Yawancin waɗanda suka zo hannun iyayenmu ma'aikatan En'e da malaman makaranta na Ingilan ne, don ta can kayan kanti ke shigo mana a lokacin.

Shekarunsa kuwa, ga yadda za ka kusanto. Daga 1941 zuwa 1948, 51 ba shi da wannan bututun. Ƙarshen gangar ake kwancewa, sai ka ga ɗan maɓalli da ake dannawa yana zuƙo tawada, shi ake kira Vacumatic. Irin naka mai latsawa, Aerometric, ya fara ne a 1948, kuma na farko-farkonsa an rubuta a latsa sau 6, daga baya aka koma 4. Don haka naka ba zai riga 1950 da nisa ba, ni dai na fi zaton na shekarun 1950 ne. Ka duba kusa da zoben ƙarfen da ke tsakiya ko akwai wata 'yar lamba ita kaɗai. A waɗanda aka yi a Amurka a shekarun 1940, lamba ɗaya ce ke nuna shekara, ɗige-ɗigen da ke kewaye da ita kuma ke nuna zangon shekarar: ɗigo uku wata ukun farko, biyu na gaba, ɗaya na gaba, in babu ɗigo ƙarshen shekara ke nan. Ana goge ɗigo ɗaya daga hatimin duk bayan wata uku. Amma hannu yana cinye wannan lambar, in ba ka gan ta ba kada ka damu.

Hajiya Uwani: Malam Sabo, kun tuna mini da. A zamaninmu na kwalejin horon malamai ba a yarda ka rubuta darasi da biro ba, wai yana ɓata hannu. Mu ɗalibai Hero muke riƙewa da kwalbar tawadar Quink, shugabar makaranta ce kaɗai ke da Parker, in ta zaro shi kowa ya san takardar wani za a sa wa hannu. Kada kowa ya rena mini Hero a nan, da shi na rubuta duk jarrabawata.

Malama Binta: Ba mai rena shi, Hajiya. Shi ma zai tashi. Bari in faɗi yadda za a wanke su biyun, don hanyarsu ɗaya.

Jikin 51 da wata roba ce da ake kira lusait, ba ta tsoron ruwan sanyi. Salkarsa kuma ba ɗanyar roba ba ce irin ta sauran tsofaffin alƙaluma, shi ya sa ake samun waɗanda suka haura shekara sittin suna zuƙar tawada da salkarsu ta asali. Cire murfi ka ajiye gefe. Zuba ruwan sanyi a kofi iya inda zai rufe baki da wuyan alƙalamin, ka tsayar da shi ciki ya kwana. Da safe ka riƙa latsa sandar kana sakewa, ruwa ya shiga ya fita, ka zubar ka sake sabo. Za ka gaji kafin launin ya ƙare, saboda a ƙarƙashin wannan rufin na baki akwai wani abu mai siraran fukafukai masu yawa da ke tara tawada, shi ne sirrin da ya sa 51 ba ya bushewa da wuri, shi ne kuma ke sa wankinsa ɗaukar lokaci. In ruwa zalla ya gaza, ka haɗa kashi ɗaya na amoniyar goge-goge da kashi tara na ruwa, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo ɗaya, ka zuƙa ka fitar, sannan ka ɗauraye da ruwa sosai. Bilic kuwa ko kusa.

Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana barin farin gishiri a cikin magudana. Ka yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. Ka tabbata tataccen ruwan aka ba ka, ba asid ba, don shago ɗaya ake sayar da su.

Injiniya Tukur: Ni ina ganin wahalar banza ce wannan. A kwance rufin bakin kawai a fito da komai a wanke da buroshi, minti goma an gama.

Malam Sabo Mai Agogo: Injiniya, ranka ya daɗe, wannan na wanda ya saba ne. An liƙe rufin nan da ɗanko tun daga masana'anta, sai an ɗumama shi yake saki, kuma in an mayar sai an daidaita tsinin rufin da tsinin baki. Wanda bai taɓa yi ba filaya zai ɗauko, shi ke nan ya bar masa tabon haƙora har abada. Abu ɗaya ne zai sa a buɗe: a cikin salkar akwai siririn bututun numfashi, a na farko-farko na azurfa ne, kuma tawadar Superchrome da Parker ta fitar a 1947 tana cin sa. Idan bayan wanki ka latsa sau huɗu ka ga ɗan kaɗan yake sha, to bututun ya toshe ko ya ruɓe. Sai a kawo wa mai gyara. In yana sha yana rubutu, me za ka nema a ciki?

Injiniya Tukur: Ni dai ban iya amfani da abin da ban ga cikinsa ba.

Hajiya Uwani: Sai ka sayi naka ka farke, Injiniya. Wannan na marayu ne.

Baban Ilham: Hajiya kin kashe ni da dariya. To baƙin fa, Malam? Shi ma in tsayar da shi a kofi?

Malam Sabo Mai Agogo: A'a. Shi ne wanda na ce ruwan Sadiƙu zai kashe. Goga jikinsa da babban yatsanka da sauri har ya ɗan yi ɗumi, ka sansana.

Baban Ilham: Warin tayar mota yake.

Malam Sabo Mai Agogo: Ebonait ke nan, roba ce da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri. Da ita ake yin alƙaluma kafin roba mai launi ta karɓe kasuwa a shekarun 1920, ko da yake Ingilawa sun ci gaba da yin baƙaƙen da ita bayan haka. Rana ce ta koɗar da shi. Ebonait da ya sha rana, ruwa na taɓa shi zai ƙara dusashewa nan take, ruwan zafi kuma ya fi muni. Swan alƙalamin Mabie Todd ne, kamfanin da ya faro a New York ya zo ya yi ƙarfi a Landan, har a 1952 ya haɗe da masu yin biro aka koma kiransa Biro Swan. Ka ga wanda ya ci wani.

Gyaransa ba wuya amma yana son haƙuri. Wuyan da ke riƙe da baki cusa shi aka yi cikin gangar, wasu kuma murɗawa ake yi. Ka ɗumama mahaɗar da na'urar busar da gashi, kana juyawa, iya zafin da yatsanka zai jure. Ban da kyandir, ban da ashana, ban da risho. Ka riƙe da guntun tsohon tub na keke don kada hannu ya zame, ka murɗa a hankali kana ja. In ya ƙi, ƙara ɗumi, ba ƙara ƙarfi ba. Zai fito da ɓurɓushin tsohuwar salka, sai ka kankare sauran da ke cikin gangar da siririn tsinke, kana kula da sandar ƙarfen da liba ke turawa. Wuyan da bakin su kaɗai za ka wanke, ka tura musu ruwan sanyi ta baya da robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina, ka goge wajen nan da nan.

Sabuwar salka ana auna ta da lamba, kowace lamba kashi ɗaya ce cikin 64 na inci, wato lamba 16 rubu'in inci ke nan. Ka zaɓi wadda za ta shiga gangar ba tare da matsi ba, ka yanke ta daidai tsawo, ka shafa shalak, wani ɗanko da kafintoci ke amfani da shi, a kan nonon wuyan, wato ɗan tsinin da ke bayansa, ka sa ta, ta kwana ta bushe. Sannan ka bi ta da hodar talk zalla, ba hodar jarirai mai turare ba. Sufa gulu kuma haramiyarsa ce, don wanda zai sake gyara bayanka sai ya fasa kafin ya buɗe. Shalak kuwa ɗan ɗumi ke sake shi. Basilin ma kada ya kusanci roba, yana ruɓar da ita.

Malama Binta: In ƙara a kan na Malam, don masu karantawa da ke da wasu iri. Idan ka goga ka ji ƙamshin kafur, seluloyid ne, kuma yana kama wuta kamar fetur, shi ya sa ake hana kusantar harshen wuta. Sifirit da ruwan goge jan farce suna narkar da fuskarsa. Akwai kuma waɗanda aka yi da kesin, wani abu da ake samu daga madara, musamman wasu masu launi na Conway Stewart na Ingila. Waɗannan in suka kwana a ruwa kumbura suke yi su yi laushi su karkace, ba kuma sa komawa daidai.

Sadiƙu: Alƙalamin madara kuma? Yau na ji abin da ya fi ƙarfina.

Injiniya Tukur: To launin fa? Haka za a bar shi ruwan ƙasa kamar tsohon takalmi? A bi shi da sanfefa mai laushi, baƙin na nan a ƙarƙashi. Na ga ma kamar an zana wasu haruffa a gefe, duk a share ya fito sabo fil.

Malama Binta: Baƙin na ƙarƙashi, gaskiya ne, amma kafin ka kai gare shi ka cinye tsuntsun da sunan kamfanin, waɗanda su ne suka gaya mana ko wane ne shi. Masu tara alƙaluma ma kansu a rabe yake kan wannan: wasu na shafa masa wani baƙin rini na musamman, wasu na ganin yin hakan ba tare da an faɗa wa mai saye ba ha'inci ne. Ni ina ɓangaren a bar shi. A goge da tsumma mai laushi, a ɓoye shi daga rana.

Baban Ilham: Haruffan farkon sunan kakanmu ne, Injiniya. Sai yanzu da na duba da kyau na gane. Ba za a taɓa su ba.

Injiniya Tukur: A nan kam na janye. Amma murfin Parker ɗin dai a sa masa Brasso.

Malam Sabo Mai Agogo: Shi ma a'a. Murfin ƙarfen nan da gangan aka yi shi da dishi-dishi, in ka goge ya yi sheƙi ka ɓata shi. Kibiyar kuma in mai ruwan gwal ce, ruwan siriri ne, man goge ƙarfe zai cinye shi farin ƙarfe ko tagulla ta bayyana.

Nura Mai Gwal: Tunda an zo maganar gwal, Alhaji duba bakin Swan ɗin. In ka ga 14ct ko 585, gwal ne kashi 585 cikin dubu. Muna saye a kan awo.

Hajiya Uwani: Nura, ka ji tsoron Allah.

Nura Mai Gwal: Hajiya sana'a ce fa.

Malama Binta: Bakin irin wannan nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, Malam Nura, abin da za a samu in an narka bai kai darajar alƙalamin yana rubutu ba. Haka aka rasa dubban bakuna duk lokacin da gwal ya yi tsada, shi ya sa ake yawan ganin tsofaffin alƙaluma da bakin ƙarfe na aro. Kuma bakunan Swan na wancan zamanin da yawansu suna da taushi: in ka ɗan danna, tsagar ta buɗe layi ya yi kauri, in ka saki ya sirance. Yau da wuya ka samu sabon da ke yin haka yadda ya kamata.

Alaramma Ɗanjuma: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Tambayata biyu. In an gyara, zai sha tawadarmu ta allo? Na biyu, ana iya fere bakin a karkace kamar yadda muke fere alƙalamin gamba, don rubutun ajami?

Malam Sabo Mai Agogo: Allah ya gafarta Malam. Ta farko, ba zai sha ba. Tawadarmu zuge ce da ƙaro. Garin gawayin zai tsaya a magudanar, wadda tsagarta ba ta fi kaurin gashi ba, ƙaron kuma ya bushe ya liƙe shi. Wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe don rubutun takarda ita ma da ƙaro a cikinta, ga shi tana cin bakin ƙarfe. Haka tawadar zane ta masu taswira, da ta hatimi, da ta firinta. A tsaya kan Quink ko Pelikan 4001 ko ta Waterman, shuɗiya ta fi sauƙin wankewa.

Ta biyu, ana yi, amma ba a kan na gado ba. A tsinin kowane baki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ke hana gwal cinyewa a kan takarda. In aka fere aka wuce shi, bakin ya mutu. Ku sayi Hero sabo, har yanzu ana yin sa kuma ba tsada, a goga shi a kan dutsen wasa wuƙa mai laushi, a karkace yadda hannunku ya saba. In ya lalace ba a yi asarar komai ba.

Alaramma Ɗanjuma: Madalla. Allah ya saka da alheri.

Baban Ilham: Jama'a ga labari. Hero ya tashi tun wankin farko. Parker ya yi ta fitar da shuɗi kamar ba zai daina ba, amma yanzu ruwan ya yi fari, na sa masa tawada yana rubutu sumul. Swan ɗin ban taɓa shi ba, don ban san inda zan samu salka da shalak ba.

Malam Sabo Mai Agogo: Alhamdu lillahi. Shalak ka tambayi masu fenti da kafintocin kujeru, suna da ɓawonsa da ake narkawa a sifirit. Salka kam sai an yi odarta ta intanet daga waje, ka sayi lamba biyu ko uku mabambanta tunda ba ka auna ba tukuna. Kada ka yarda wani ya ce zai sa maka robar bawul ko balan-balan. Kuma da zafin garin nan, kada ka bar ko ɗaya a mota, in za ka ajiye shi ya daɗe ka zubar da tawadar ka ɗauraye, musamman da hunturu.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Mu nan a lakwal, wato makaranta, ta zamanin Faransa tsoma baki ake yi a tawada mai ruwan hoda-hoda da shuɗi, sai manyan ma'aikata ke da Waterman. Akwai ɗaya a gidanmu, baƙi mai liba, an rubuta Ideal a jiki, a gindinsa kuma 52. Shekarar 1952 ke nan?

Malama Binta: A'a, lambar samfuri ce. A tsarin Waterman, 5 na nufin mai liba, 2 kuma girman baki. Ya girmi 1952 nesa ba kusa ba, don an fi yin irinsa daga wajen 1917 zuwa shekarun 1920. In ka ga ½ a bayan lambar siriri ne, in ka ga V gajere ne na aljihu. Shi ma ebonait ne, duk abin da Malam Sabo ya faɗa kan Swan ya hau kansa.

Malam Sabo Mai Agogo: Sai dai ka ƙara kula da libar. A Waterman tana zaune ne cikin wani ɗan akwatin ƙarfe siriri, kuma shi ne ke fara karyewa idan aka ja ta a kan busasshiyar salka. Turo hoton gefen da libar take, da na bakin kusa-kusa, mu ga ko akwai tsaga kafin ka kunna na'urar busar da gashi.